Tukunyar Kirsimeti da Kwanon Maƙwabci

Duk ɗalibin da ya yi shekara guda a Sashen Hausa, ko daga barci aka tashe shi aka ce ya lissafa bukukuwan Hausawa, zai jero su ba tare da inda-inda ba: Ƙaramar Salla da Babba, da Takutaha, da Cika-ciki, da Kalankuwa, sa'an nan ya gangaro kan aure da suna. Zai faɗi irin tuwon da ake tuƙawa a kowanne, da waɗanda ake kai wa, da mai ɗaukar akushi. Amma da wuya a ji ya ambaci Kirsimeti, domin a ganinsa wannan biki ne na mutanen Sabon Gari, ko kuwa na Turawa. Wannan gajeren gani ne. Tun 1905 Likita Walter Miller ya zauna a birnin Zazzau, a 1929 mishan ta koma Wusasa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki ɗungurungum da Hausa. Makarantar Wusasa ce ta reni mutane irin su Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon. Akwai Hausawa Kiristoci a ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur, akwai su a karkarar Kano, akwai su a Tsibiri da Galmi cikin Jamhuriyar Nijar. Bayan waɗannan ga ɗimbin jama'ar Kudancin Kaduna da Filato da kudancin Bauchi, waɗanda da Hausa suke sujada, da ita suke ciniki, da ita kuma suke gai da maƙwabta. Ashe ke nan tukunyar da ake ɗorawa ranar 25 ga Disamba a waɗannan gidaje tukunyar ƙasar Hausa ce, kuma ta cancanci a leƙa cikinta kamar yadda ake leƙa ta Salla.

Wanda ya leƙa kuwa zai tarar da wani abu guda da ya kamata a tsaya a kansa. A irin waɗannan gidaje, idan uwargida ta zauna da maigida za su yi shawarar abincin Kirsimeti, ba ta fara tambayar me za a ci. Tambayarta ta farko ita ce, "Kwano nawa za su fita bana?" Sai an gama ƙidayar gidajen da za a kai wa, da na dangi, da na maƙwabta Musulmi da Kirista, da gidan mai unguwa, da tsohuwar nan da ba ta da kowa, sa'an nan a dawo kan bakunan da ke cikin gida. Daga wannan ƙidaya ake sanin mudu nawa za a auna, da girman dabbar da za a yanka, da wanda zai yanka ta, da sa'ar da za a hura wuta. Wannan shi ne daidai, kuma shi ne tsarin da ya fara zamewa daga hannun mutane. Gidan da ya juya shi, ya fara da cikinsa, ya bar wa maƙwabci abin da ya rage a gindin tukunya, ya yi girki, amma bikin ya wuce shi.

A ɗauki misalin gida mai mutum goma. In don su kaɗai ne, mudu biyu na shinkafa da kaji biyu sun wadatar har da saura. To, amma idan kwano goma sha biyar za su fita, kowanne kuma zai faɗa hannun mutum uku ko huɗu, sai a ga girkin mutum sittin ne ko fiye ke gaban uwargida. Irin wannan girki ba a tashi da shi rana tsaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya sauƙaƙa wa magabata wannan hidima shi ne lokacin da bikin ke zuwa. Salla tana bin watan sama, saboda haka takan matso da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Wani zubin ta faɗo da kaka, wani zubin ta faɗo tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Kirsimeti kuwa yana nan daram a wuri ɗaya, kuma wurin da ya tsaya a ƙasar Hausa wuri ne mai albarka. An riga an girbe gero tun tuni, an cire gyaɗa, an yanke shinkafa, dawa ta shigo gida ko tana kan shigowa. Kabewa tana jibge a kan rufin ɗaki, zoɓo ya bushe, tumatir da albasa na fadama sun fara leƙo kasuwa. Daɗin daɗawa ga hunturu, wanda shi ne firijin talaka: naman da aka soya ya soyu a wannan sanyi da bushewar iska yakan yi kwanaki lafiya lau. Duk mai shirin abincin Kirsimeti da ya manta da wannan gata, ya tafi neman abin da ba ƙasar ta haifa ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Shirin kansa yakan fara tun watanni kafin ranar. Mata sukan shiga adashi da nufin kwasarsu ta faɗo a Nuwamba ko farkon Disamba. Wata takan sayi ɗan akuya tun da bazara ta ɗaure, tana ba shi dusa da harawa, wata kuma ta ware zakaru biyu ko zabi daga cikin kiwonta ta ce waɗannan ko baƙo ya zo ba a taɓa su. Maza kuwa sukan haɗa kuɗi su yi watanda, wato su sayi sa guda, a yanka ranar 23 ko jajibere, a kasa naman tsibi-tsibi gwargwadon abin da kowa ya zuba, har kayan ciki da ƙashi a raba daidai. Watanda dabara ce mai kyau ƙwarai, domin takan sa wanda ba zai iya sayen ko ƙafar sa shi kaɗai ba ya sami rabo mai auki, kuma idon kowa na kan wuƙa, babu zancen ha'inci. Yara su ke da tara itace da jido ruwa. Manyan tukwane kuma sai an yi kamun su tun da wuri wajen masu su, don a makon nan kowa nema yake.

Kimanin mako guda kafin ranar ake soya cincin, domin yana jure ajiya muddin an bar shi ya huce sarai kafin a rufe. Haka ma dambun nama, da alkaki ga wadda ta iya. Ana saura kwana biyu a yi niƙa, a gyara kayan miya, a daka yaji. Ranar jajibere ake jiƙa shinkafar waina, a kai inji, a haɗa ƙullu a rufe ya kwana ya tashi. A tafasa nama a soya. A dafa zoɓo da citta da kanumfari a tace. Kunun zaƙi shi ne mai gardama, domin ba ya son daɗewa, in ya wuce yini da kwana sai ya fara tsami, saboda haka akan bar shi can ƙarshe. Ita kuwa shinkafa ba a dafa ta a rufe cikin kula ta kwana, ko da hunturu ne. Wanda ya taɓa gwadawa ya san irin yauƙin da yakan tarar da safe. Dole sai da asuba, ko kafin asuba. Wannan jeri ba a rubuce yake ba, amma kowace uwargida ta haddace shi, kuma duk abin da ke cikinsa an tsara shi ne don kwanuka su fita da zafinsu a kan kari.

Sai batun yanka, wanda shi ne wurin da hikimar al'adar ta fi fitowa fili. Sananne ne a garuruwan Arewa cewa gidan Kirista da ke da niyyar kai wa maƙwabta abinci yakan kira Musulmi ya yanka masa dabbar, ko maƙwabci, ko mahauci, ko wani almajiri babba; kaji ma haka. 'Yan watanda su ma sukan nemi mahauci Musulmi. Babu dokar da ta tilasta wa kowa yin haka. Maigida ya iya riƙe wuƙa, amma ya miƙa ta ga wani, don kada gobe kwanonsa ya shiga wani gida a karɓa da fara'a a zubar a bayan ɗaki. A wuraren da ake cin naman da Musulmi ba ya ci, ko ake dafa burkutu, masu lura sukan ware tukunya da ludayi da kwanuka daban, waɗanda ba sa kusantar wancan ɓangare, maƙwabta kuma sun san da haka, shi ya sa suke ci hankali kwance. Ikilisiyoyi da dama ma sun hana mabiyansu giya tun zamanin mishan, don haka a gidaje masu yawa zancen bai taso ba sam.

A nan ne masu suka ke shigowa, kuma ta fuska biyu suke zuwa. Akwai samarin Kiristoci da ke cewa wannan ƙasƙanci ne: dabbar mutum, kuɗin mutum, bikin mutum, sa'an nan a ce sai wani ya zo ya halatta masa ita? Wannan magana tana da zafi, amma ba ta da nauyi. Wanda ya gayyaci baƙo shi ke tambayar abin da baƙon ke ci, ba a kuwa taɓa kiran wannan ƙasƙanci ba. Karamci ake ce masa. Littafin da suke karantawa ma ya riga su: sura ta 14 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa gargaɗi ce a kan kada abincin mutum ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwansa, sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni kuma ta hana cin jini da abin da aka maƙure. Wato dai kula da yadda aka yanka dabba ba baƙon abu ba ne a addininsu.

Ta ɗaya fuskar kuma akwai saɓanin da ke tsakanin malaman Musulunci. Wasu sun hana karɓar abincin da aka yi musamman domin wannan biki, suna ganin karɓarsa tamkar yarda ne da abin da ake bikin dominsa. Wasu kuma sun halatta, suna kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, wadda ta yi magana a kan abincin Ma'abota Littafi, da kuma haƙƙin maƙwabtaka, muddin babu haram a cikin kwanon. Warware wannan saɓani aikin malamai ne, ba na mujallar ɗalibai ba. Abin da ya shafi mai girki shi ne ya san maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya. Gidan da aka san ba sa cin dafaffe, ba a daina kai musu, ba a kuma tilasta musu. Sai a aika da ɗanyen abu, mudun shinkafa, ko kaza da ranta, ko lemo da ayaba. Wanda ya ƙi wannan ma, a bar shi da gaisuwa, kada a mai da abin gaba. Shi kuma wanda aka kai wa, in ba zai ci ba, akwai hanyoyin mutunci da yawa da suka fi a kori yaro da kwano a kai.

Babban abin da ke rage yawan kwanuka a zamanin nan, duk da haka, ba fatawa ba ce, shinkafa ce. Ya kamata a tuna cewa shinkafa ba ta zama sarauniyar biki tun fil azal ba. A da abincin ranar farin ciki ce a gidaje da yawa, ana ganinta jefi-jefi, shi ya sa ta yi daraja. Arzikin man fetur na shekarun 1970, da kuɗin Udoji da suka shiga aljihun ma'aikata a 1975, su suka cika kasuwa da 'yar gwamnati mai zuwa a jirgin ruwa, har ta kai a zamanin Shugaba Shehu Shagari an kafa kwamiti na musamman a kan shinkafa, Alhaji Umaru Dikko yana shugabanta. Tun daga nan aka shiga wasan buɗe ƙofa da rufewa: an hana shigo da ita a 1985, aka sake buɗewa daga baya, aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Bayan cire tallafin mai a 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabo, ta yadda a ƙarshen 2024 buhu mai kilo 50 ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a wannan shekara. Amma a cikin shekarun nan hamsin an riga an cusa wa yara cewa Kirsimetin da babu jalof da soyayyar kaza da lemon kwalba ba Kirsimeti ba ne.

To, me maigida mai ƙaramin ƙarfi zai yi? Akasari ɗayan biyu yake zaɓa, kuma duka biyun kuskure ne. Ko dai ya ci bashi, ya manta cewa kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci, ya kuma manta cewa kuɗin makarantar yara na jiran sa a Janairu. Ko kuwa ya ce a dafa 'yar kaɗan mai kyau a ci a cikin gida, a rufe ƙofa, bana babu fitar da kwano, Allah ya kai mu baɗi. Na biyun nan ya fi na farko muni, domin bashi ana biyan sa a gama, amma kwanon da ya daina zuwa shekara biyu a jere da wuya ya sake gane hanya. Maƙwabci ba ya sanin cewa babu ce ta hana. Abin da zai raya a ransa shi ne an canza masa.

Hanya ta uku tana nan cikin rumbu. Tuwon masara ko na dawa sabuwar girbi, da miyar taushe wadda ta sha kabewa da gyaɗa da yakuwa da ƙashin watanda, abinci ne da babu gidan da zai raina shi. Waina tana da auki fiye da dafaffiyar shinkafa, kuma da 'yar Hausa ake yin ta, ba ta bukatar 'yar gwamnati. Funkaso yana nan ga masu alkama. Mutanen Filato da Kudancin Kaduna suna da acca, wadda yanzu masu kuɗin birni ke bi da tsada saboda likitoci na yaba ta, alhali masu noma ta suna jin nauyin fitar da ita ranar biki. Zazzagawa suna da fate. Tulu guda na kunun zaƙi ko zoɓo zai shayar da unguwa da kuɗin da bai kai na akwaku biyu na lemon kwalba ba. Idan lalle sai yara sun ga jalof, a dafa musu tukunya ƙarama, a cika musu buri. Amma in za a rage wani abu saboda matsi, a fara da lemon kwalba, a bi da sabon ɗinki na uku, a bi da kayan ƙyale-ƙyalen da ake ratayawa a falo. Kwanon maƙwabci shi ne na ƙarshe da za a taɓa. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji masu iya magana, ba su kuwa ce a hana kowa tsakin ba.

Akwai kuma wani sabon salo da ya shigo ta wayar hannu, wanda 'yan boko suka fi kamuwa da shi. Ana ganin hotunan teburin Kirsimeti na Ingila da Amurka: gasasshen talo-talo guda a tsakiya, kyandir, miji da mata da 'ya'ya biyu, ƙofa a rufe saboda dusar ƙanƙara. Babu laifi ga masu shi, domin yanayin ƙasarsu da tsarin zamansu ne suka haifar da shi. Su ma ɗin ba haka suka faro ba. Kafin talo-talo, wanda asalinsa tsuntsun nahiyar Amurka ne, dinya ce abincin wannan rana a gidaje da yawa na Ingila. Abin lura ma, a shahararren labarin Kirsimeti da Charles Dickens ya wallafa a 1843, alamar farko da ta nuna marowacin nan ya shiryu ita ce ya sayi ƙaton talo-talo ya aika gidan akawunsa. Ashe su ma sun san kwanon maƙwabci. Amma mai kwaikwayo bai ɗauko wannan ba, sai ya ɗauko teburin da rufaffiyar ƙofa. Talo-talo guda ba ya kasuwa gida goma sha biyar, kuɗinsa kuwa ya isa a shiga watanda.

Sai dai kuma gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta: wannan al'ada da ake yabo a kan wuyan mata take. Maigida yakan ba da kuɗi, ya tsaya a kan watanda, daga nan ya wanke hannu ya saka babbar riga. Uwargida da 'yan matanta su ne za su tashi tun ƙarfe uku na dare cikin ɗari, su yi ta fama da hayaƙi har hantsi. Sau da yawa matar da ta yi makonni tana koyon waƙoƙin Kirsimeti a ƙungiyar zumuntar mata ita ce za ta isa majami'a a makare, ko ta zauna tana gyangyaɗi, ko ma ta kasa zuwa sam saboda tanda ba ta ƙare ba. Duk wanda ke kiran a ci gaba da fitar da kwanuka, bai kuwa ce komai a kan wannan ba, yana kyauta ne da gumin wani. Maganin abin ba ya da nisa. Magabata sun san gayya a gona, babu dalilin da zai hana a yi ta a madafi: gida uku ko huɗu su haɗa murhu, wannan ta ɗauki waina, waccan miya, waccan kunu, a raba kamar yadda maza ke raba nama. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Samari kuma, musamman ɗaliban da suka koma gida hutu suna kwance da waya a hannu, ba za su mutu ba don sun faskara itace, sun kai niƙa, sun fige kaji, sun wanke tukwane. Yawancin abin da ke cinye daren jajibere aikin ƙarfi ne, ba na gwaninta ba.

Akwai wata matsala da ta fi tsadar shinkafa da gajiyar mata girma, ita ce a wasu garuruwa maƙwabcin da za a kai wa ya tashi. Rikicin da ya faro daga Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Na Zangon Kataf ya biyo a 1992, na Kaduna a 2000, na Jos a 2001. Kowanne ya lafa sai a ga motoci suna kwasar kaya. A Kaduna abin ya kai ga kogi ya zama kamar iyaka, Kiristoci suka fi yawa a unguwannin kudu irin su Sabon Tasha, Musulmi kuma a irin su Tudun Wada da Rigasa. Ranar bikin kanta ba ta tsira ba: an tayar da bama-bamai a Jos daren jajiberen Kirsimeti na 2010, aka kai hari cocin Katolika a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011. Yaron da aka haifa bayan wannan rarrabuwa yana iya girma bai taɓa ɗaukar kwano zuwa gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, bai kuma taɓa cin naman Layya daga hannun maƙwabci ba. Abin da ya sani game da wancan ɓangare shi ne abin da aka faɗa masa.

Ba za a ce kwanon waina zai hana rikici ba. An yi ta musayar kwanuka a garuruwan nan kafin su kama da wuta, bai kuwa hana ba. Amma akwai bambanci tsakanin mutumin da aka san shi da suna kawai da wanda aka san ɗanɗanon miyar gidansa, kuma a duk rikicin da aka yi an ji labarin waɗanda maƙwabta suka ɓoye a ɗakunansu. Irin wannan maƙwabtaka ba ranar tashin hankali ake ƙulla ta ba. Shekaru da dama ke nan jaridu suna kawo labarin Musulmin da ke zuwa cocin Fasto Yohanna Buru a Kaduna ranar Kirsimeti don taya murna, gwamnoni da sarakuna kuma sukan fitar da saƙonni. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai taron da ake kira wa 'yan jarida yana da iyaka, shugabanni ne ke ganin juna. Kwano kuwa har ƙuryar ɗaki yake shiga, mata da yara su ke buɗe shi. Saboda haka inda maƙwabci ya yi nisa, sai ƙidayar uwargida ta bi shi can: tsohon maƙwabcin da ya koma ƙetaren kogi, abokin aikin maigida, mai shagon da ake karɓar bashi wurinsa, mai kawo ruwa, mai gadin layi. Kuɗin babur zuwa Rigasa da dawowa ya kamata ya shiga lissafin Kirsimeti tun ranar da ake lissafin man gyaɗa.

Yadda kwanon ke fita ma abin nazari ne ga ɗalibin al'ada. Yara ake aika, cikin sababbin kayansu, kafin a tafi sujada ko da an sauko. Yarinya takan yi sallama, ta durƙusa ta ce, "Mama ta ce a gaishe da Hajiya, wai ga abincin Kirsimeti." Hajiya ta ce, "Kai, madalla! Ki ce mata an gode, Allah ya maimaita mana, ina nan shigowa yi mata barka." Sai a juye, a wanke kwanon, a ba yarinya tukuici, domin ba a sallamar ɗan aike hannu wofi, ba a kuma mai da kwano babu komai, ko gyaɗa, ko sabulu, ko 'yan alewa sai an jefa a ciki. Da yamma uwargida za ta ƙirga kwanukanta, ta san wanda ya dawo da wanda ya maƙale, ta kuma san gidajen da cinyar rago za ta fito zuwa gare ta ranar Babbar Salla. Robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, wadda ta fara maye gurbin langa da samira, ta sauƙaƙa wanke-wanke, amma ta kashe dawowar kwano, da tukuicin da ke biyo shi, da dalilin da zai sa a sake taka ƙofar juna kashegari.

Har lokacin fitar kwanon sai an duba kalandar maƙwabci. A 2007 Babbar Salla ta riga Kirsimeti da 'yan kwanaki kaɗan, gidajen Musulmi cike da soyayyen nama, don haka wanda ya aika da nama a makon nan ya kai wa mai rijiya ruwa. Cincin da kunu sun fi shi daraja. A 1998 da 1999 da 2000 kuwa ranar 25 ga Disamba cikin watan azumi ta faɗo, kuma bisa lissafi haka za ta sake faɗowa a 2031 da 2032. A irin wannan shekara ba a aika yaro da hantsi ya tsaya da ƙamshin miya a ƙofar mai azumi. Sai a jinkirta tuyar waina zuwa la'asar, a dama kunu da zafinsa, a riƙe yaran a gida har rana ta yi ja.